Ƙarfe da Haƙori

Shekara sha tara ina hawan tudun Valparaíso
da tukunyar gas a kafaɗa,
matakala ɗari da tamanin da huɗu
daga inda mota ke sarewa
zuwa shuɗiyar ƙofar Doña Eduvigis.
Ba na kiran kowa da baki.
Guntun ƙarfe nake bugawa a jikin tukunya, ƙwal, ƙwal, ƙwal,
unguwa ta san Nibaldo ya iso.

Talata ce, gajimare na kwance a kan teku.
Ƙyaure a sake, tsatsa ta cinye sakata.
Na ɗaga ƙarfe kamar kullum.
Bai yi haushi ba.
Wannan na yi ta nanata wa likita, kamar shi ne ciwon:
bai yi haushi ba,
sai dai na ji wuta a sharaɓa,
tukunya ta suɓuce, ta gangara,
tana ƙirga matakala ita kaɗai har ƙasa.

Ɗinki sha ɗaya.
Mako shida ina kallon jiragen ruwa ta taga,
ƙafa a kan matashi, mai gidan haya a bakin ƙofa.

A kotu tsohuwa ta zo da baƙar rigar zuwa coci.
Ta ce, “Tizón bai taɓa cizon kowa ba.
Jikokina har kunnensa suke ja.”
Alƙali ya sauke tabarau, bai ɗaga murya ba.
Ya ce, “Uwa, kare ba shi da aljihu,
ba ya sa hannu a takarda.
Wanda ya zuba masa abinci, ya ce da shi nawa,
to haƙoran ma nasa ne.
Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Sakatarki tun yaushe ta lalace?”
Ta duƙar da kai. Ta ce, “Tun mijina na raye.”

Kuɗin asibiti, kuɗin kwanakin da ban yi aiki ba, da tara.
Keken ɗinkinta ne ya biya;
na ga samari biyu suna saukowa da shi,
zaren ja na bin su a baya.
Na karɓi ambulan.
Kada wani ya gyara mini labari ya ce na mayar.
Na karɓa, na ƙirga, ya cika.
Haƙƙina ne, kuma nauyinsa ya fi na tukunya.

A ranar ne ta riƙe mini hannun riga.
Ta ce a tashar jirage ta tsince shi,
ƙarƙashin motar kifi, yana ɗan kwikwiyo,
haƙarƙari biyu a karye.
Wani mai gadi ne ke korar karnuka da rodi,
yana buga shi a ƙasa kafin ya buga a jiki.
Ƙwal, ƙwal, ƙwal.
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.
Shekara huɗu, ashe, duk Talata,
ina hawo masa da mai gadin nan a hannuna,
yana maƙure a bayan ƙyaure yana jiran duka,
har ranar da ƙyauren ya ba shi hanya.

Yanzu akwai sabuwar sakata, da takunkumin fata a ƙusa.
Ban yafe masa ba; bai nema ba.
Amma in na kai matakala ta ɗari da hamsin
sai in soke ƙarfen a ɗamara,
in buɗe baki in ce, “Gas!”
da wata murya mai kaushi da ban san ina da ita ba.
Yana leƙo ni ta tsagar katako, ido ɗaya, kunne a kwance.
Ina ajiye tukunya a hankali.
In hadari ya taso daga teku
tabona kan yi ƙaiƙayi,
shi kuma, in ji tsohuwa, ba ya iya kwanciya ta ɓarin hagu.